Yadda Na Yi wa Gidana Kwalliyar Tarbar Manya

Ranar Laraba da la'asar ruwan sama ya tuɓe wa gidana riga a gaban mai saye. Ina tsaye a bakin ƙofa da sabuwar hula, farar ƙasar da na sha wahalar shafa wa bango tana gangarowa ta tsakanin ƙafafuna kamar an kifar da madara, ta bi matakala ta sauka titi. Dillali ya buɗe lema ya karkata ta gefe, wai don ya tare bangon kada baƙon ya gani, ruwa kuwa yana dukan ƙeyarsa. Ni kuma, Allah ya gani, abin da ya ɗauke mini hankali a lokacin shi ne yadda farar ta taru a matakin ƙarshe ta yi siffar agwagwa. Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ce tsoho ya fara ruɗewa.

Gidana a kan tudu yake. Lokacin da na gina shi da sauran ƙarfina, na ce ina so in riƙa hango gari daga sama kamar shaho. Ban yi shawara da gwiwoyin tsohuwata, uwar 'ya'yana, ba. Yau ga shi gwiwoyin sun yi yaji, sun ce su da matakalar nan har abada. Rabonta da taka titi tun kafin daminar bara. Ƙanwarta ta yi jinya ta warke, ba ta je dubiya ba. Jikarmu ta fara tafiya, sai a waya aka nuna mata. In ta gama aikinta sai ta ja kujera bakin taga ta zauna tana kallon mata suna wucewa kasuwa. Ba ta cewa komai, kuma shirun nan nata ya fi mini faɗa ciwo.

'Yarmu ta samo mana ɗakuna biyu kusa da ita, a shimfiɗe a ƙasa, ko dakali babu. Mai su ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen wata, in ba mu zo ba akwai masu so. To ka ji inda gizo ke saƙa: sai an sayar da na tudu za a shiga na ƙasa.

Na aika aka kira dillalin unguwa, wanda ake ce wa Sha-Yanzu saboda bakinsa bai san kalmar gobe ba. Ya zagaya gidan yana taɓe baki.

"Baba, gida dai gida ne. Amma wannan tarkacen fa?"

Dukiyata yake nufi. Ina da agogunan bango da suka tsaya, kowanne a lokacin da ya ga dama, na jera su don in riƙa tunanin me ake yi a duniya sa'ad da kowannensu ya gaji. Ina da dutse mai kama da kunnen mutum. Ina da gwangwani cike da makullan da ƙofofinsu suka riga mu gidan gaskiya. Sannan a bangon falo akwai wata tsaga da na daɗe ina kiwo. Ta fara kamar zare, ta girma ta zama raƙumi, bana har ta fara fitar da tozo na biyu.

"Mai saye ba rayuwarka ya zo gani ba, Baba, tasa yake so ya hango a ciki," in ji Sha-Yanzu. "A kwashe, a share, a shafa fenti, a sa haske. Ido ne ke sayen gida."

"Raƙumin fa?"

"Wane raƙumi?"

Na nuna masa.

"Baba, wannan ai tsaga ce."

"Kai ka ga tsaga."

Ya ce a nemo magini ya liƙe ta, a nemo kafinta ya hau ya duba kwano, domin silin duk ya yi taswira. Na auna kwanakin da suka rage a watan da irin alkawarin magina, na ga ba za su haɗu a hanya ba. Sai na zauna a kan matakala ina tunani. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni wata makaranta da ba kowa ya samu ba: daga tudun nan na sha kallon yadda hukuma ke shirya wuri in babban mutum zai zo.

Ba na manta ranar da Mai Girma Sarkin Almakashi, Mai Yanke Ƙyalle Ba Ya Waiwaye, ya zo buɗe ɗakin shan magani na unguwarmu. Ana saura kwana kaɗan aka turo mutane da bokitai, suka shafa wa kowace bishiya farar ƙasa daga gindi zuwa ƙugu, kamar an sa mata wando. Duwatsun bakin hanya ma aka yi musu fari. Aka yi wa ginin fenti ta fuskar da motarsa za ta tsaya, bayan kuwa aka bar wa ƙadangaru. Babbar mota ta kawo gadaje, ta kawo furanni a tukwane, ta kawo har da marasa lafiya, masu ƙiba da ƙoshin lafiya, suka kwanta suna nishi da ladabi. Mai Girma ya zo, ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, aka yi tafi. Kafin ƙurar motarsa ta kwanta an loda gadaje, an loda furanni, marasa lafiya sun warke sun hau bayan motar suna ta hira. Ban taɓa ganin magani mai saurin aiki irin na ranar ba. Allah ya ƙara wa manyanmu basira.

Na ce a raina, Allah ya kawo ni gidan sauƙi. Abin da ya gamsar da mai jiniya ai ba zai kasa gamsar da mai sayen gida ba.

Tsohuwa ta saurari shirina har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, kitso za ka yi da ƙwarƙwata."

"Ke ba ki san mulki ba. Manya haka suke yi, kuma ba a taɓa kama ko ɗaya ba. Ƙarin girma ma ake yi musu."

"Su da motar gudu suke zuwa. Kai a ina za ka ɓuya?"

Na tashi na tafi neman farar ƙasa, don mai babban aiki a gaba ba ya tsayawa amsa tambayoyin 'yan adawa.

Na shafa wa bangon gaba farar ƙasa, na bar na baya yadda Allah ya yi shi. Na sa wa bishiyar ƙofar gida nata wandon. Na yi wa taswirar silin shafe ɗaya. Na kwashe agogunana da dutsena da makullaina na kulle a sito, ina ba su haƙuri. Tela maƙwabcina ya ara mini kujerun falonsa masu laushi, da sharaɗin kada a zauna da ƙarfi. Mai sayar da furanni ya ba ni hayar tukwane na yini ɗaya. Ruwan famfo kuwa, tun da wani Mai Girma, Uban Alkawura Gagara Cikawa, ya rantse zai hau da shi kowane tudu, ruwan ya ji tsoro bai sake leƙo mu ba, don haka na sa masu garuwa suka hau suka zuba abin da ya samu a tanki. Mai aski ya ara mini janaretansa, ya kuma tafi neman mai tun da sassafe. Sai azahar ya dawo da ɗan abin da bai kai a wanke hannu ba, ya ce a layin har an yi sabon shugaba da mataimaki, kuma wani da ya shiga layin da gashinsa baƙi ya roƙe shi ya rage masa furfura kafin su kai ga famfon. Raƙumina kuwa na rataya masa labule mai furanni, daga sama har ƙasa. Bangon ba shi da taga, amma wa zai tambaya?

Da la'asar, hadari na haɗuwa a gabas, Sha-Yanzu ya iso da mai saye. Dattijo ne mai tsabta, da sanda mai kan azurfa, irin mutanen da takalminsu bai san laka ba. Ya hau matakalar a hankali, bai yi haki ba. Da ya iso sama bai dubi ƙofa ba, bai dubi bango ba. Bishiyar ya tsaya yana kallo.

"Malam, wa ya koya maka sa wa bishiya wando?"

"Ranka ya daɗe, a wurin hukuma na gani. Ranar buɗe ɗakin shan maganin can."

Fuskarsa ta washe kamar an ce masa matarsa ta haihu.

"Ka ga wannan bikin? Ni na shirya shi! Har marasa lafiyan ni na zaɓo su da hannuna."

Ashe mutumin ya yi rayuwarsa duka a ofishin shirya tarbar manya, bara ya yi ritaya. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Na dubi Sha-Yanzu, Sha-Yanzu ya dubi sama.

Dattijon ya sa sanda ya ture tukunyar fure ɗaya gefe.

"Ka gani? Ƙasan a bushe, fes. Tukunyar da ta daɗe a wuri tana barin zobe. Mu da jiƙaƙƙiyar laka muke zana zoben kafin mu ajiye."

"Allah ya ƙara sani, ranka ya daɗe."

Muka shiga falo. Ya ja numfashi ya ce warin farar ƙasa ya yi yawa, da na yanka albasa na zuba a kwanon ruwa na ajiye a lungu, da ta shanye shi. Tsohuwa tana zaune a ɗaya daga cikin kujerun tela, ta ɗosana a baki-baki, hannuwa a cinya. Suka gaisa cikin mutunci.

"Uwargida, kujerun nan na wa ne?"

"Sababbi ne, ranka ya daɗe," in ji Sha-Yanzu da sauri.

"Ban tambaye ka ba, ɗana. Mai kujera ba ya zama a bakin kujerarsa kamar wanda ya zo biko."

Tsohuwa ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya.

A kicin ya murɗa famfo, ruwa ya zubo gwanin sha'awa. Na yi gyaran murya na nuna masa hanyar fita. Bai motsa ba. Ya jingina da sandarsa yana kallon ruwan kamar mai jiran mota. Ruwan ya rage ƙarfi, ya koma zare, famfon ya yi tari irin na tsohon mai shan taba, ya yi shiru.

"Nan ne kuskurenka babba," ya ce. "Ba a barin baƙo shi kaɗai da famfo. Mu muna da ma'aikaci na musamman, aikinsa kawai ya kama gwiwar hannun Mai Girma ya ja shi gaba da zarar an yi tafi. Har ya yi ritaya bai yi wani aiki ba, kuma da lambar yabo ya tafi."

Jama'a, ban taɓa jin kunya da sha'awa sun haɗu mini wuri ɗaya ba sai ranar. Mutumin nan gwani ne. Da a ce irin wannan ƙwaƙwalwa aka sa wajen kawo ruwan da gaske, da yanzu kifi muke kamawa a kan tudu.

Muka dawo falo, ya nufi labulen ya ce bari ya sha iska. Ya ja shi. Raƙumina ya bayyana, da tozonsa da rabin tozonsa. Dattijon ya karkata kai ya daɗe yana kallo.

"Raƙumi ne?"

Wallahi nan take na ji mutumin ya shiga raina.

Sai aka yi tsawa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Maimakon ya nemi wurin zama, sai ya ce mu fita ya ga yadda bangon zai yi. Abin da na ba ku labari a farko ke nan. Muna tsaye, bangon ya koma launinsa na gado, bishiya ta tuɓe wandonta, agwagwa ta taru a ƙasa.

"Ba ka sa ƙaro a farar ƙasar ba," ya ce.

"Ban sa ba, ranka ya daɗe."

"Mu ma ba ma sawa. A takarda dai akwai shi."

Da muka koma ciki sai muka tarar gidan ya fara ba da nasa jawabin. Silin na ɗiga ta tsakiyar falo, yana ɗiga ta bakin ƙofar ɗaki, yana ɗiga daidai kan kujerar tela mafi kyau. Janareta ya sha ɗan man da aka ba shi ya mutu, fitilu suka ɗauke. Sai ga tela ya faɗo a jiƙe, ko sallama babu.

"Malam, kujeruna! Na ce a zauna a hankali, ban ce a yi musu wanka ba!"

Ya ɗora ɗaya a ka ya fita da ita cikin ruwan da ya zo ceton ta daga gare shi. Sha-Yanzu ya naɗe lemarsa ya raɓe a bango, karo na farko a tarihi bakinsa ya mutu.

Ni kuwa na tsaya a tsakiyar falo. Ba kunyar ce ta dame ni ba, tsoho ya saba da kunya. Tagar nan na duba, da kujerar katakon da ke gabanta, na ga wata damina, da wata bayanta, tsohuwa na zaune tana kallon mata suna wucewa. Ƙarshen wata ya matso, kuma na kashe kwanakina wajen yi wa bishiya ado.

Tsohuwa ta dafa bango ta miƙe. Ta tura roba da ƙafa zuwa tsakiyar falo, ta sa bokiti a bakin ƙofar ɗaki, ɗigon ya koma faɗawa inda ya saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ta juya ga baƙon.

"Ranka ya daɗe, bari in hutar da kai. Yoyon da ka gani shi ke nan, sai wani a sito in iska ta juyo. Kwanon gaba ne ya tsufa, na baya lafiyarsa ƙalau. Ruwan famfo ba ya zuwa, saye muke yi. Tsagar nan ba ta kai tushe ba, shafen sama ne, shi ne dai ya hana a liƙe don wai dabbarsa ce. Ginin kuwa je ka baya ka buga da sandarka, can bai shafa komai ba. Gida ne mai kyau, a nan na haifi 'ya'yana duka. Ni dai ƙafata ce ta gaza. So nake in sauka ƙasa in je in ga mutane kafin a sauke ni a kafaɗa."



Dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya fita ta ƙofar baya cikin yayyafi, muna jin sandarsa tana bugun bango, ƙwas, ƙwas, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya dawo takalminsa ya san laka.

"Uwargida, na yi aiki da manya iri-iri, na ga rahotanni sun fi gashin kaina. Ban taɓa jin wanda aka faɗi abin da ke akwai aka tsaya ba sai yau." Ya juyo gare ni. "Malam, zan saya. Za a rage na gyaran kwano, kuma da ita zan yi cinikin, ba da kai ba."

Bakin Sha-Yanzu ya farfaɗo nan take. "Ai dama na faɗa wa Baba, gaskiya ita ce jari!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada in cuce ka sau biyu a yini ɗaya. Matakalar nan fa? Kai ma ba yaro ba ne."

"Saboda ita na zo. Tun da na yi ritaya, abokan aikina na da ba su bar ni na huta ba, kullum suna ƙofata a koya musu yadda za a tarbi wane da wane. Duk cikinsu babu wanda tumbinsa zai bar shi ya hau tudun nan."

Aka yi ciniki, tsohuwa ta riƙe wuta, ni aka aike ni in mayar da furanni. Wanzami dai ba ya son jarfa, na koyi wannan da tsufana.

Jiya muka tashi. Tela da mai aski suka ce za su ɗauko ta a kujera, ta ce ba ta mutu ba tukuna. Ta dafa kafaɗata, muka sauko mataki-mataki, tana hutawa, tana cije leɓe, tana zagin wanda ya gina gida a kan tudu, ni kuma ina cewa amin. Da ƙafarta ta taɓa titi sai ta tsaya ta buga shi da tafin ƙafa kamar mai gwada ƙarfin daɓe. Wata mai tallan kayan miya ta gane ta, ta ajiye tire ta rungume ta, suka hau hira kamar jiya suka rabu, mai motar da ya zo ɗaukar mu yana ta danna oda. Ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Ni na waiwaya a madadinmu duka.

Af, na kusa mantawa. Tun da labari ya bazu cewa tsohon babban ma'aikaci zai tare a layinmu, sai ga motocin hukuma da sassafe. Fitilar kan titi da ke gindin tudun, wadda tun da aka kafa ta tsuntsaye kawai ta yi wa amfani, an hau an gyara ta, ita kaɗai a duk layin. Bolar da muka yi shekaru muna kai kuka a kanta an kwashe ta tas, an kai ta layin baya. Yanzu maƙwabta sai sa mini albarka suke yi, har mai aski na cewa da na san haka ne da na tashi tun tuni. Saboda haka duk mai son hukuma ta tuna da unguwarsu, ga shawara kyauta daga tsoho: ya daina kai kuka, ya nemo babban mutum ya sayar masa da gidansa, ya tattara ya bar unguwar. Za ta gyaru, in sha Allahu, sai dai a ba shi labari.